Wa ya san abin da ke ƙarƙashin Hawandawaki?



Duk fadar da ka zauna kwanakin nan, daga Hawandawaki har Tasawa, kafin shayi na biyu ya sauka sai an taɓo maganar arzikin ƙarƙashin ƙasa. Uraniyum namu ne, man fetur namu ne, zinariya tamu ce. Ba mu da ja a kan wannan. A watan Yuni na 2024 gwamnati ta karɓe izinin haƙar Imuraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa, a Yunin 2025 kuma ta mai da SOMAIR mallakin ƙasa. Kowa ya ji, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Amma akwai tambayar da muka sha jefawa a irin wannan zama, har yau ba mu samu mai amsa ta kai tsaye ba: rijiyar bakin garinku gaba nawa ce, kuma ruwanta bana yana inda yake shekara goma baya? Sai ka ji tsit. Mutumin da yanzun nan ya gama zayyana maka labarin Arlit kamar can aka binne cibiyarsa, bai san zurfin rijiyar da mahaifiyarsa take ja kullum safe ba.

Ba gori muke yi ba, don mu ma da muke rubutun nan sai da muka je muka tambaya. Abin da muke son faɗi shi ne, mallakar abu tana farawa daga saninsa. Wanda bai san iyakar gonarsa ba, ko da takarda a aljihu, maƙwabci ne zai riƙa nuna masa inda zai tsaya. To haka ƙarƙashin ƙasa yake. Kuma mu nan kudancin Tasawa, ma'adinin da ya fi kowane daraja a wurinmu ba uraniyum ba ne, ruwa ne. Shi muke haƙa, shi muke rasawa, shi ne ƴaƴanmu mata ke makara lakwal saboda shi.

Bari mu ba ku labarin da ya ja mu ga wannan rubutu. Ba za mu kama sunan gari ba, ba za mu kama sunan furoje ba, waɗanda abin ya shafa sun san kansu. Wasu shekaru baya aka zo da babbar mota mai injin haƙa wani ƙauye na yankinmu. Gari ya ɗauka, mata suka yi guɗa, mai gari ya sa aka yanka akuya. Aka yi kwanaki ana haƙa, yara na kallo, daga baya injin ya yi shiru, ma'aikata suka naɗe kayansu. Aka ce ruwan bai isa a sa fanfo ba. Shi ke nan, suka tafi, ba su bar ko takarda guda ba. Bayan ƴan shekaru wani furoje dabam ya zo, da wata mota, da wasu mutane, suka kafa injinsu ƴan taku kaɗan daga ramin farko. Wani dattijo da ya yi rayuwarsa yana ginar rijiya ya matso ya ce wa shugaban aikin: "Yaro, nan an taɓa gwadawa. Ku gangara wajen gawon can." Aka ce masa: "Baba, mu da takarda muke aiki." Sakamakon bai bambanta da na farko ba. Kuɗi sun tafi sau biyu, rani ya wuce sau da yawa, mata na nan suna bin hanyar ƙauyen maƙwabta da jarka a kan jaki.

Abin da ya fi ci mana rai ba rashin samun ruwan ba ne. Ko a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki ana haƙawa a tarar da busasshen rami. Abin takaicin shi ne ramin farko ya ba da ilimi, aka bar ilimin ya ɓace. Duk mai haƙa foraj da ya san aikinsa yana ɗebo samfurin ƙasa mita bayan mita, ya jera, ya rubuta: nan yashi, nan laka, nan tsakuwa, nan marmara, nan muka taɓa dutse, nan ruwa ya fara fitowa. Wannan takarda ita ce hoton cikin ƙasar wurin. Ko ramin ya bushe, takardar ta biya rabin kuɗin aikin, don ta gaya wa na baya inda ba zai ɓata kuɗinsa ba. Ina takardar take? Wataƙila tana cikin wani kabad a Yamai, wataƙila ta bi ma'aikatan furoje zuwa Turai, wataƙila gara ta cinye ta. A meri dai ba ta nan, a hannun mai gari ba ta nan.

Akwai ilimi guda da aikinsa ke nan, ilimin duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda ƴan lakwal ke kira jiyoloji. Da yawanmu in an ambace shi sai hankalinmu ya tafi Abzin, wurin manyan duwatsu, can inda dutsen Bagzan ya kai mita 2,022, mafi tsawo a Nijar. Sai mu ce mu da muke kan jigawa, ƙasa shimfiɗe kamar tabarma, me ya haɗa mu da ilimin duwatsu? To ai mu muka fi buƙatarsa. Mutumin Abzin yana ganin dutsensa da ido. Namu dutsen yashi ya rufe shi, sai da ilimi ake ganinsa.

Ga yadda masana suka bayyana shi, a taƙaice. Ka ɗauka wani ƙaton akushi ne na tsohon dutse mai tauri, aka cika shi da yashi da laka da tsakuwa tsawon shekaru masu ɗimbin yawa, har suka danne juna suka zama hawa-hawa. Wannan akushin shi ake kira kwarin Iwillimmeden, ya taso daga Mali ya ratsa yammaci da tsakiyar Nijar ya shiga ƙasar Sakkwato. Ruwa yana zama ne a tsakanin ƙwayoyin yashin nan, kamar yadda yake zama cikin soso. Jahar Maradi tana wajen gefen akushin ne ta kudu maso gabas. Shi ya sa in ka je kudancin Madarumfa, wajen Ɗan Isa da Maraka, za ka ga tsohon dutsen ya leƙo waje, irin wanda ke shimfiɗe a ƙasar Katsina. A irin wannan wuri ruwa ba ya samun masauki sai cikin tsagar dutse ko inda dutsen ya ruɓe, ka kauce wa tsagar da taku goma sai ka haƙa banza. In ka yi gabas kuma ka tarar da dutsen Damagaram, wanda shi ne asalin ƙishirwar birnin Zinder da kowa ya san labarinta, har sai daga nesa ake janyo masa ruwa, daga Gogo da Macaya da Arunguza. In ka yi arewa, wajen Mayahi zuwa Dakwaro, yashin ya yi kauri, ruwa akwai shi amma ya yi nisa, sai da shanu ko raƙumi ake ja. Tsakanin waɗannan duka ga Gulbin Kaba, tsohon kogi da ya daina gudu yadda ya saba, amma ya bar yashinsa da ruwa kusa a ƙarƙashin kabar da ta ba shi suna.

To mu a ina muke cikin wannan hoto? Wanda yake bakin akushi, abin da ke ƙarƙashinsa yana canzawa daga wannan ƙauye zuwa wancan. Taswirar ƙasa baki ɗaya ba za ta gaya maka ba. Taswirar duwatsun Nijar da aka daɗe ana dogaro da ita, wasu Faransawa biyu ne, Greigert da Pougnet, suka haɗa ta a shekarun 1960, a ma'aunin da milimita ɗaya a takarda take daidai da kilomita biyu a ƙasa. Aiki ne mai kyau, ba mu raina shi ba, har yau ɗalibai na karanta shi. Amma a irin wannan taswira, komin ɗinmu gaba ɗaya ɗan yatsa ya rufe shi. Ba da ita za a zaɓi inda za a kafa injin haƙa ba.

Mu waiwaya kaɗan mu ga yadda ilimin nan ya shigo mana, don a nan matsalar ta samo tushe. A 1957 masu binciken Faransa suna neman tagulla a Azelik, wajen Ingal, suka ci karo da uraniyum. Azelik ɗin nan, masana da dama suna ganin ita ce tsohuwar Takadda da Ibn Battuta ya ziyarta a 1353 ya ba da labarin tagullarta, ka ga ashe kakanni sun riga Bature sanin wurin. Daga nan bincike ya yi ƙarfi a yammacin Abzin. Aka kafa SOMAIR a 1968, ta fara fitar da uraniyum a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, ta fara aiki a 1978, aka rufe ta ƙarshen watan Maris na 2021. Gawayin Anu Araren ma da SONICHAR ke ƙonawa a Cirozerin, don wutar ma'adinan nan aka fara haƙarsa. Wato an binciki ƙasar Arlit rami bayan rami, an san cikinta kamar tafin hannu, saboda akwai mai saye a waje da yake son abin da ke ciki. Ƙasar Tasawa kuwa gero da gyaɗa da wake take bayarwa, babu wanda ya matsu ya leƙa ƙarƙashinta. Inda kuɗin waje ya nufa, nan ilimi ya bi.

Wani abin da ya ba mu mamaki da muka ji shi: uraniyum ɗin Arlit ba a cikin tsaunukan yake ba. A cikin dutsen yashi yake, yamma da su. Ruwa ne ya wanko shi daga duwatsun Abzin tun zamanin da ba a iya ƙirgawa, ya bi da shi ta cikin yashi, ya ajiye shi inda ya samu wurin zama. Ka ga ke nan mai neman uraniyum da mai neman ruwan sha tambaya ɗaya suke yi: ta ina ruwa ke bi a ƙarƙashin ƙasa? Ilimin ɗaya ne. Bambancin kawai wa aka yi wa aikin.

Kuma ba a ce ƙasar nan ba ta da makarantu da ma'aikatu na wannan fanni ba. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana da sashen jiyoloji. Akwai EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu da ilimin ƙasa, da ta buɗe a 1990. Akwai makarantar ma'adinai ta Abzin a Agadas. Akwai cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai ta gwamnati, CRGM. Akwai AGRHYMET da aka kafa a 1974 bayan babban fari, tana bin ruwan sama da na ƙasa a Sahel. Ga kuma tamu ta gida, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi, ita ma ana karantar da jiyoloji a cikinta. Ma'aikatar ruwa tana da ofis a jaha da kuma Tasawa, tana da rajistar rijiyoyi. Mutane masu ilimi suna nan, wasunsu ƴaƴan talakawa ne irinmu, sun sha rana a daji da guduma a hannu. Ba su muke zargi ba. Abin da muke gani shi ne bayani yana hawa sama ba ya saukowa. Ana zuwa a auna rijiya, a ɗebi ruwa a kwalba, a rubuta a kaye, a shiga mota. Daga nan sai ɗalibi ya rubuta kundinsa da Faransanci, malamai su sa masa maki, a ajiye a ɗakin karatu. Matar da aka ɗebi ruwan rijiyarta ba za ta taɓa jin abin da aka gani a ciki ba.

Wani zai ce to in ba ta ji ba me ya ragu? Ku tambayi mutanen Tibirin Gobir. A tsakiyar shekarun 1980 aka haƙa musu foraj mai zurfi, aka ja fanfo, gari ya yi murna. Ruwan garau, ba wari, ba ɗanɗano. Ashe yana ɗauke da sinadarin fuliyo fiye da kima, ninki uku zuwa huɗu na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, wato miligiram 1.5 a lita. Shekara da shekaru yara na sha. Haƙora suka yi ja suka lalace, ƙafafu suka lanƙwashe, ƙasusuwa suka ƙi girma yadda ya kamata. Iyaye suka yi ta bin bokaye da malamai, wasu na cewa iska ne, wasu na cewa sammu. Sai wajen shekara ta 2000 maganar ta fito fili, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Ɗaruruwan yara sun nakasa, kuma nakasar ba ta gyaruwa. Waɗannan yaran yanzu manya ne, suna nan cikin jaharmu. Sinadarin nan ba wani ya zuba shi ba, daga dutsen da ruwan ya kwanta a ciki yake fitowa, tafasa ruwan ma ba ta cire shi. Gwaji ne kawai ke nuna shi, gwajin da ba ya cin kuɗin tayar mota ɗaya ta furoje.

Yau foraj nawa ake haƙawa a ƙauyukanmu? Ɗan kasuwa ya samu buɗi ya haƙa sadaka, Allah ya saka masa. Ƴan ci-rani su haɗa kuɗi su turo a haƙa. Ƙungiyoyin agaji su haƙa su liƙa allo. Mai lambu ya sa nasa da faifan hasken rana. Duk alheri ne. Amma cikin waɗannan, guda nawa aka kai ruwansu ɗakin gwaji, kuma wa ya ga takardar sakamakon da idonsa? Ba muna cewa ruwanmu akwai cuta ba ne, kada wani ya ɗauki maganar nan ya tada hankalin jama'a. Muna cewa ne haƙƙin mai sha ne a nuna masa. In lafiya lau ne, alhamdu lillahi, a liƙa takardar a jikin shato kowa ya gani.

Sai maganar zinariya, wadda ita ce ta fi ɗaukar mana samari. Tun da aka gano ta Jado a 2014, babu ƙauyen da bai da wanda ya tafi, wani ya dawo da babur, wani ya dawo da tari, wani har yau ba labari. Da ta ɓulla nan kusa, a Ɗan Isa, dubban mutane suka kwarara, har daga ƙetaren iyaka. Ranar 7 ga Nuwamba 2021 ramuka suka rufta a Garin Liman, mutum 18 aƙalla suka rasu. Allah ya jiƙansu. Daga baya hukuma ta rufe wurin. Rufewa daidai ne a lokacin, amma rufewa ba ilimi ba ce. Yaron da talauci ya kora zai koma wani ramin a wani wuri, kuma har yanzu bai san nisan da ya kamata a bari tsakanin rami da rami ba, bai san irin ƙasar da ke riƙe kanta da wadda ke zubewa in ta sha ruwa ba. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga wata fuskar abin a 2010, lokacin da aka riƙa kawo dutsen zinariya gida ana niƙawa a tsakar gida, ashe akwai dalma a ciki. Yara fiye da 400 suka mutu kafin a shawo kan abin. Mai ilimin duwatsu ɗaya da ɗan kayan gwaji zai iya duba dutsen ya ce wannan kada a kai shi inda yara suke. Mu muna ganin aikin masanan ƙasa ba ya ƙarewa a kan nuna wa manyan kamfanoni inda za su haƙa. Talaka mai diga da shebur shi ma ɗan ƙasa ne, kuma shi ne ke shiga ramin da kansa.

Mun san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mana a ido. Na farko: ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, ku kuna maganar auna rijiya. Gaskiya ne ciki ba ya jiran bincike. Amma ku lissafa da kanku, foraj guda da aka haƙa banza buhun gero nawa ne? Rashin sani shi ne mai tsada, kawai dai ba ya zuwa da rasit. Na biyu, wani malami da muke girmamawa ya ce mana: "Ruwa na Allah ne, inda ya so yake ajiye shi." Muka ce: "Haka ne, Allah gafarta malam, kuma shi ya ba mu hankalin neman inda ya ajiye." Ya yi dariya ya ce bai musa ba. Na uku shi ne ya fi nauyi, kuma ba mu da amsar da za ta kwantar da hankali gaba ɗaya. Wasu dattawa na tsoron cewa in aka binciki ƙasa aka ga wani abu mai daraja, gonakin ne za su tafi. Wannan tsoro ba na banza ba ne, don a dokar ƙasar nan abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, ba na mai gona ba. Sai dai mu lura, jahilcinmu ba ya hana wani ya sani. Yau daga sama ake leƙen ƙasa, da jirgi da tauraron ɗan Adam. In akwai abu, mai nema zai gano shi ko mun so ko ba mu so ba. Gara ranar da za a zo zancen, a tarar da mu da namu ƴaƴan da suka iya karanta taswirar.

Akwai wani misali da ke nuna amfanin haƙurin aunawa. A yankin Yamai, masu bincike sun bi rijiyoyi shekara da shekaru suna auna zurfin ruwa. Kowa ya ɗauka tun da aka yi farin 1973 da na 1984 ruwan ƙasa ja da baya yake. Sai awo ya nuna akasin haka: tsakanin 1963 da 2007 ruwan ya hau da kimanin mita 4. Dalili kuwa, da aka sare daji aka mai da shi gonaki, ruwan sama ya daina tsayawa inda ya faɗi, yana gangarawa tabkuna, daga tabkunan yake nutsewa ƙasa. Ba wanda zai iya cin wannan da ka. Kuma kada wani ya ce ashe sare itace alheri ne, don ƙasar noman ce ke tafiya tare da ruwan. Abin da muke so a gani shi ne, ba a sanin halin ruwan ƙasa da hasashe. Can ya hau. Nan fa? A Gulbin Maradi manoma sun ga yadda gudun ruwa ya canza bayan an gina madatsar Jibiya a ƙasar Katsina. A Gulbin Kaba injinan ban-ruwa sai ƙaruwa suke. Mutanen ƙasar nan ba su wuce miliyan 5 da ƴan kai ba a ƙidayar 1977, a ta 2012 sun haura miliyan 17, yau an wuce 25. Bakunan sha sun ninka, dabbobi sun ninka, lambuna sun ninka. Ruwan da ke ƙarƙashinmu yana hawa ne ko sauka yake? Igiya mai alama da kaye ɗaya sun isa a fara samun amsa.

Shi ya sa abin da muke nema ba babba ba ne, kuma ba sai an jira Yamai ba. Muna son a buɗe rajista a merin Hawandawaki, duk wanda ke riƙe da ita, zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe. Kowace rijiya da kowane foraj na komin a rubuta shi: garin da yake, shekarar da aka gina, zurfinsa, wanda ya haƙa, yana aiki ko ya mutu. Busassun ramukan ma a rubuta su, su ne ma suka fi muhimmanci. Kuma daga yau duk mai shigowa da injin haƙa, furoje ne ko ɗan kasuwa ko ɗan siyasa, kada mai gari ya sa hannu a kan kammala aiki sai an ajiye kofin takardar haƙa da ta gwajin ruwa, ɗaya a meri, ɗaya a gari. Mai aikin kirki ba zai ƙi ba, don yana da su. Wanda ya fara kame-kame, to ya gaya muku irin aikin da ya yi.

Awon kuma, a ba lakwal. Mushe ɗaya da ƴan aji shida, sau biyu a shekara, ƙarshen damina da tsakiyar bazara, su je da sassafe kafin a fara ja, su saki igiya su rubuta. Yaran sun koyi lissafi da abin da ya shafe su, gari ya samu tarihin ruwansa. Shekara goma aka yi ana haka, kayen nan sai malamin jami'a ya zo yana roƙon a ba shi ya kwafa.

Ga malamanmu na jami'ar Maradi kuwa, roƙo muke da girmamawa. Ɗalibanku dole su yi aikin daji kafin su gama. Ku turo mana su. Masauki ba zai gagara ba, tuwo da fura ba za su gagara ba. Su zo da na'urar nan da ake kafa ƙarafa a ƙasa a saki lantarki, a ga inda ya wuce da sauƙi da inda ya ci tura, don jiƙaƙƙen yashi da busasshen dutse ba sa karɓar wuta iri ɗaya. Sharaɗinmu guda ne: in an gama, ɗalibin ya dawo ya tsaya a ƙofar mai gari ya faɗi abin da ya gani da Hausa, a gaban maza da mata. In ya kasa bayyana wa kakarsa, mu dai ba mu yarda ya gane ba.

Sannan a yi sauri a zauna da tsofaffin maginan rijiya tun suna raye. Mutumin da ya sauka rami fiye da yadda zai iya ƙirgawa, ya san launin ƙasar da ke zuwa kafin ruwa, ya san wadda ke rufta wa mutum, ya san garin da ruwansa ke da kanwa-kanwa da wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa. Duk wannan jiyoloji ne, ba a dai rubuta shi ba. Injin haƙa ya kashe musu kasuwa, ƴaƴansu ba su gaji sana'ar ba, kowace shekara sai mun binne ɗaya da abin da ke kansa. Waya tana hannun kowa. A ɗauki muryarsu, gari bayan gari, a haɗa da abin da na'ura ta nuna. Inda suka dace an samu tabbaci, inda suka saɓa an samu abin bincike.

Ƴan uwanmu na ci-rani, ku da kuke Kano da Legas da Agadas da Libiya da Aljeriya, mun san in aka ce taimakon gida ba ku ja da baya. In za ku sake haɗa kuɗin foraj, ku ware wani abu tun farko don binciken wuri da gwajin ruwa, kada a ce sai abin da ya rage. Kuma cikin yaranmu da suka ci bak a fannin kimiyya, a samu ko biyu a tsaya musu su karanci ilimin ruwan ƙasa. Kowa so yake ɗansa ya zama likita ko ɗan duwan, mun sani.

Mu dai mun fara da abin da ke hannunmu. Mun sayi kaye, mun sa wa igiya alama mita-mita, mun auna rijiyoyi uku na kusa da mu, za mu sake komawa in bazara ta yi tsakiya. Wanda ke da rijiya a garinsu ya aiko mana da sunan garin, da zurfinta ko da a gaba ne, da shekarar da aka gina ta in an tuna, da kuma ko tana ƙafewa da rani. Wanda ya san inda aka taɓa haƙawa ba a samu ruwa ba, shi muka fi nema. Ranar kasuwa za mu kai kofin farko meri.